Kar ki biya kuɗin waccan ƙatuwar laftof ɗin tukuna, Hafsatu

Assalamu alaikum ƙanwata. Tun daren jiya na ga saƙonki, sai yanzu da na dawo daga aiki na samu zama. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka a wannan gurbin karatu. Ki gaishe min da Baffa da Inna, ki ce musu sanyi ya fara kankama a nan Jamus amma muna lafiya.

Abu biyu kika tambaya: ko ki sayi laftof a Zariya kafin ki taso ko ki bari sai kin iso, sannan ko wadda mai shago ya nuna miki a PZ, mai inci 15.6 da fitilu kala-kala a madannai, wadda ya ce Core i7 ce ta masu buga gem, za ta dace da mai digiri na biyu a fannin taswira da GIS, wato sarrafa bayanan taswira da kwamfuta.

Kar ki saye ta. Irinta na zo da ita, kuma na sha wuyarta. Tawa ta kai kilo biyu da rabi, cajarta kaɗai kamar rabin bulo. A Samaru ba za ki ji nauyin ba, don daga Amina Hall zuwa sashenku ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ba wata tafiya ba ce, in rana ta yi zafi ma ki tare Keke. Nan kuwa da ƙafa za ki je tasha, ki hau jirgin ƙasa, ki sauka ki canja wani, ki hau bene ki sauko, ga rigar sanyi mai kauri, ga gorar ruwa, ga kular abinci, domin cin abinci a waje kullum ba na ɗalibi ba ne. Wata uku na yi kafaɗata ta fara ƙorafi. Batirinta bai fi awa biyu ba, sai na zama mai rige-rigen kujerar da ke kusa da soket a aji. Kafin shekara ta zagayo, mahaɗin murfin ya tsage, domin jikinta roba ce. Wanda ya sayar min ya rantse cewa sai na gaji da ita. Wannan kam ya faɗi gaskiya, na gaji.

Maganar Core i7 kuma, a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya miki komai, sai kin duba lambar da ke biye da shi. In kika ga i7-4600, janareshan na huɗu ke nan, tsohuwa ce tukuf, kuma i5-8250 ko i5-1135 ta fi ta aiki nesa ba kusa ba. Kar ki karɓi abin da ya gaza janareshan na takwas, saboda daga nan Windows 11 ke farawa a hukumance, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Masu shago da yawa sun iya cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura ta bayan gida, don haka ganin ta a fuskar kwamfuta ba hujja ba ce.

Abin da za ki nema shi ne irin waɗanda aka ƙera domin ma'aikatan kamfanoni: Lenovo ThinkPad jerin T ko X1 Carbon, Dell Latitude jerin 7000, ko HP EliteBook 840. Ba su da wani ado, baƙaƙe ne ko ruwan toka, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Inci 14 ne akasarinsu, nauyi daga kilo ɗaya da ɗan kai zuwa ɗaya da rabi ko sama kaɗan, mahaɗin murfinsu na ƙarfe ne, kuma in batir ko madannai suka lalace ana samun kayan gyaransu cikin sauƙi. RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita, ya zama GB 16, ma'ajiya ta zama SSD (irin wadda ba ta da faifai mai juyawa) mai GB 512. Tsohon hadis mai faifan da ke juyawa a ciki ba ya son jijjiga, faɗuwa ɗaya sai ki nemi aikin wata shida ki rasa. Ki lura da abu guda: a X1 Carbon RAM ɗin a like yake, ba a ƙarawa, don haka in mai 8 ce haka za ki zauna da ita har ta mutu. T480 kuwa ta ɗan fi nauyi amma ana buɗe ta a ƙara. Ki tabbata kuma tana caji ta USB-C, sai caja ɗaya ƙarama mai wat 65 ta ishe ki laftof da waya.

Na san za ki ce ina MacBook Air, tunda ita ce a hannun ƙawayenki. Na'ura ce mai kyau, mai inci 13 ba ta kai kilo ɗaya da ɗigo uku ba, batirinta na kai ki yamma, kuma ba ta da fanka, balle ta zuƙi ƙurar hunturun Zariya. Da adabi ko shari'a za ki karanta da na ce bismillah. Amma ArcGIS Pro, manhajar aikin taswira, a Windows kawai yake aiki. Takwaransa QGIS yana hawa kowacce, sai dai ba ke za ki zaɓa wa malami manhajar da zai koyar da ita ba. Ki aika wa sashen naku wasiƙa ta imel ki tambaye su, suna amsawa. Manyan ayyuka irin sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam kuwa, a ɗakin kwamfutocin sashe ake yin su, ba sai kin goyo injin a bayanki ba.

Batun inda za ki saya, ni dai ra'ayina, in tsohuwar HP ɗin da kika rubuta furojet da ita tana numfashi, ki taho da ita ki saya a nan. Dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa mai sayar da sabon kaya alhakin lahaninsa har shekara biyu, dillalan na hannu da aka gyara kuma ba sa gaza shekara ɗaya, sannan in ta intanet kika saya kina da kwana 14 ki mayar ba tare da dogon bayani ba. Garantin mai shagon Sabon Gari, ko da na wata uku ne, a filin jirgin Kano zai tsaya ya yi miki bankwana.

Sai dai akwai tarko biyu. Madannan Jamus sun musanya Y da Z, ranar farko da na zauna rubuta Zariya sai na ga Yariza, yaya kuma ta koma zaza. Hausa da yawan y, abin ba daɗi, don haka ki nemi mai tsarin Amurka ko Ingila tun wajen saye. Na biyu kuɗi. Asusun da ake rufe wa ɗalibi, wanda aka mayar Yuro 11,904 a shekara tun 2024, Yuro 992 yake sakar miki a wata, kuma watan farko kuɗin ajiya na ɗaki da na zangon karatu da inshorar lafiya za su lashe shi. Kuɗin da Baffa ya ware na laftof ki riƙe su daban, kar su narke a sayen akwati da atamfofin tsaraba.

In kuma HP ɗin ta riga ta cika, dole ki saya a gida, to ki je da wanda ya san kan abin, kar ki je ke kaɗai. A buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. In ya faɗi ƙasa da kashi 80 a rage kuɗi ko a sauya batir. A shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta buɗe, a ga ba a kulle shi da lambar sirri ba, domin irin waɗannan daga kamfanoni suke fitowa, wani lokaci da makullinsu. Ki buɗe murfin ki rufe sau da yawa ki ji ko yana ƙara, ki gwada kyamara da makirfo da kowace kafar USB. A rubuta miki rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar.

Filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗin nan, nasu ƙafa biyu ne zagayayyu, amma cajar kanta tana ɗaukar wuta daga volt 100 zuwa 240, adafta kawai za ki saya. Ranar tafiya laftof ta zauna a jakar hannunki, ba cikin akwatin da za a jefa ƙasan jirgi ba, kuma takardunki duka ki ajiye hotonsu a Google Drive da filas.

Kafin ki ba kowa ko sisi, ɗauko min hoton takardar da ke manne a ƙasan na'urar ki turo. Kuka da daddawa da yaji ki taho min da su, amma ki faɗa wa Inna kar ta sako kilishi, ba a shigo da nama nan, a filin jirgi za su karɓe.