Tambayoyinku Kan Lafiya: Mai Ciwon Suga Ya Fita Gona Bai Karya Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Dan Allah inada tambaya akan Babanmu, yanada ciwon suga yana shan Daonil da metformin. Shekaranjiya ya sha maganinsa da safe ya tafi gona bai karya ba, can wajen sha ɗaya aka dawo dashi gumi ya jiƙa masa riga sharkaf jikinsa sai rawa yake, ana mishi magana yana faɗa yana surutan da basu da kan gado. Ƙanina yace a bashi lemo, Mama ta hana tace ina aka taɓa ba mai suga lemo, har wata maƙociya tana cewa iska ce a nemo mai ruƙiyya. Saida ya sha kunu sannan ya dawo hayyacinsa. Menene wannan, kuma yaya zamuyi in ya sake faruwa?
Daga wata mai karatu a Funtua

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya ƙaninki ne ya gano abin. Duk alamun da kika lissafa na faɗuwar suga ne, wato sugan jininsa ya sauka ƙasa da yadda jiki ke buƙata. In da an gwada a lokacin zaki ga ya yi ƙasa da 70, ko 3.9 in na'urarku mai ƙananan lambobi ce. In ya sauka ƙasa da 54 kuwa abin ya yi tsanani.

Daonil, wanda ainihin sunansa glibenclamide, aikinsa shine ya tura jiki ya fitar da insulin, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini, kuma baya tambaya ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Toh Baba ya sha shi ciki ba komai, ya ɗauki fartanya cikin rana yana ƙona ɗan sugan da ya rage, ƙwaƙwalwa kuma da suga take aiki, shiyasa kika ga ya rikice yana faɗa. Metformin shi kaɗai da wuya ya jawo haka, masu Daonil da masu allurar insulin sune abin yafi kamawa.

Ki zaunar da Mama ki yi mata bayani cikin ladabi, domin tsoron da take yi ba laifinta bane, shekara da shekaru ana ce mata suga guba ne ga mijinta. Amma a irin wannan lokacin sugan shine maganin, kuma jinkiri ne yake kisa. In har yana iya haɗiya a bashi cokali babba ɗaya na suga a jiƙe a ruwa, ko ƙwayar suga 4, ko zuma cokali babba ɗaya, ko rabin kofi na lemon kwalba amma ba wanda aka rubuta babu suga ba. Kowanne kimanin giram 15 na suga kenan. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a ƙara bashi. Da ya farfaɗo sai ya ci abinci mai riƙe ciki, tuwo ko shinkafa da wake ko burodi. In babu na'ura a gidan kar a tsaya nemanta, a bashi kawai.

Wannan kuma dan Allah kowa a gidan ya riƙe shi: in ya suma ko yana jijjiga, kar a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa ya wuce masa huhu. A kwantar dashi ta gefe a nemi mota sai asibiti, can zasu sa masa ruwan suga ta jijiya. Ana tafe ana addu'a, ba a zaune a gida ba. Kuma ko ya farfaɗo a sa masa ido har dare, saboda Daonil yana daɗewa a jiki, sugan zai iya sake faɗuwa bayan awanni.

Cikin satin nan ku kaishi wajen likitansa ku faɗi abinda ya faru tiryan-tiryan, wataƙila a rage masa maganin ko a canza, a duba ƙodarsa ma, tunda in ƙoda ta yi rauni magani yana taruwa a jiki musamman ga tsofaffi. Kar ya daina sha da kansa. Sannan duk fitar da zaiyi ya zuba alewa ko ƙwayar suga a aljihu, masu tayashi aiki a gona ma su san me zasuyi.

Tambaya: Likita ina allurar insulin, in naji jikina na rawa ina azumi ya zanyi? Kuma gwajin yatsa yana karya azumi?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa ka gwada nan take, malamai sun yi bayani cewa ɗigon jinin yatsa baya karya azumi. In ka ga ƙasa da 70 ka karya azumin da abu mai suga a lokacin ko da saura minti goma a kira Magariba, ka rama daga baya, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame. Kafin watan ya kama kaje likitanka ya duba ko zaka iya azumin, in zaka iya ya daidaita maka allurar, kuma ka riƙa jinkirta sahur zuwa dab da asuba.