Ƙurajen fuska: wane mai zan shafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekarata 17, ƙuraje sun cika min goshi da kumatu, in sun baje kuma su bar baƙin tabo. Mai kemis ɗin layinmu ya ba ni wani mai, cikin sati ɗaya fuskata ta yi sumul har da haske, ina dainawa suka dawo fiye da da. Ƙawata ta ce in nemi benzoyl peroxide, yayata ta ce adapalene. Wanne ya fi?
Ɗaliba daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ɗauko kwalin man nan ki karanta jikinsa. In kin ga betamethasone ko clobetasol, to ga inda gizo ke saƙa. Waɗannan suna kwantar da kumburi nan take, amma suna cinye ƙwarin fata, kuma su da kansu suna fito da ƙuraje. Irinsu ne ake cusawa a mayukan bilicin da yawa. Ki rabu da shi.

Ƙawarki da yayarki duk suna da gaskiya, aikin ne ya bambanta. Benzoyl peroxide yana kashe ƙwayoyin cuta, don haka ya fi ƙarfi a kan jajayen ƙuraje masu ruwa. Ki sayi mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari. Mai kashi 10 yawanci raɗaɗi da sāɓar fata kawai yake ƙarawa. Kuma yana koɗar da tufafi, hijabinki da rigar filo za su ba ki labari, don haka ki wanke hannu sosai.

Adapalene mai kashi 0.1 shi kuma ƙofofin fata da suka toshe yake buɗewa, ya hana sababbi fitowa. Da dare ake shafa shi, kamar girman ƙwayar wake, a baza duk inda ƙurajen ke fitowa, ba kan ƙurji ɗaya ɗaya ba. Makonnin farko fuska na iya bushewa, ƙurajen ma su ɗan ƙaru. A nan yawancinku kuke zuciya ku watsar, alhali sai an yi mako 8 zuwa 12 ake ganin aikinsa. Mai ciki ba ta shafa shi.

Da ni ce ke, adapalene da dare, benzoyl peroxide da safe. In hunturu ne ki fara da tsallake dare ɗaya, ki bi da mai marar maiƙo. Tabon kuwa, azelaic acid na taimakawa, amma ki bari ƙurajen su lafa tukuna. In an ba ki clindamycin, wani man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, ba a shafa shi shi kaɗai, ƙwayoyin cutar kan saba da shi.

Lemon tsami da makilin, don Allah a bar su a kicin da banɗaki. Matsawa ma ki daina, ita ke ƙara tabon. In ƙurajen manya ne masu tauri da zafi a ƙarƙashin fata, ko wata uku ya wuce babu sauƙi, ki sa Mama ta kai ki wajen likitan fata, don irin waɗannan sai an haɗa da maganin sha.