Goron Sarkin Ruwa kafin ku sauka a bakin tafki

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai, saƙonka ya iso ni bayan La'asar, ƙanwarka ce ta karanta mini shi har sau biyu domin idona ba ya ɗaukar ƙananan rubutun waya. Ka ce kai da abokanka biyar kuna son ku yi kwana uku a bakin tafkin Kainji ta wajen Yauri idan an ba ku hutu, ku kafa tanti, ku yi iyo, ku yi tafiyar ƙafa a dajin da ke gefen ruwa, amma mahaifiyarka ta ce ba inda za ka sai kun fara kai gaisuwa da goro wurin Sarkin Ruwa. Kana tambaya ko wannan camfi ne kawai na mutanen da. Na yi murmushi da na ji, domin a zamaninmu ba mai barin ɗakinsa ya kwana a daji sai maharbi da masunci da makiyayi da fatake, kuma kowannensu buƙata ce ta fitar da shi. Murmushin bai daɗe ba, saboda na san ruwan da kake magana a kansa.

Kai ka taso ka tarar da tafkin ne, shi ya sa kake ganinsa kamar haka Allah Ya halicce shi. Ni ina yaro aka gama dam ɗin Kainji a 1968, aka tare kogin Kwara, ruwa ya yi ta komawa baya har tsawon fiye da kilomita 100, ya cinye tsohuwar Busa da gungaye, wato tsibirai, da garuruwa masu yawa na ƙasar Yauri, aka tayar da fiye da mutum 40,000 aka mayar da su sababbin matsugunai. Gonakinsu da rijiyoyinsu da itatuwan da suke zama a inuwarsu duk suna nan a ƙarƙashin ruwan da kuke son yin iyo a ciki.

'Yan shekaru bayan haka, cikin hunturu, kakanka ya tafi da ni wani gungu inda Sarkawa, wato masuntan kogin, suka yi zango. Sana'arsa ita ce sayen bandar kifi yana kai wa kasuwa, ni kuma ina riƙe masa jaka. Lokacin ne na cikar ruwa ta biyu, wadda take tasowa tun daga tsaunukan Gini ta ratsa Mali da Nijar, ba ta isowa wajenmu sai damina ta daɗe da wucewa. Ruwan damina fari ne mai laka, wannan kuwa ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, sai ya zo garau, mai duhu, mai sanyi. Da muka sauka daga kwale-kwale da yamma, na hango wani fili mai laushi tsakanin ciyawa, kamar an share shi, na ajiye tabarmarmu a wurin. Kakanka ya ce in ɗauke, ba a shimfiɗa kafin a yi sallama. Ya fito da goro a naɗe cikin ganye, muka nufi bukkar Sarkin Ruwan wurin, wani dattijo siriri mai farin gemu da yake zaune yana ɗinkin taru.

Gaisuwar ta yi tsawo ƙwarai a wurina. Sun tambayi juna gida da iyali da kasuwa, sannan dattijon ya soma magana a hankali ba tare da ya ɗaga kai daga tarunsa ba. Ya nuna mana tudun da za mu kwana, ya ce kada mu kwanta a filin da na zaɓa. Ya nuna mashayar da mata suke ɗiban ruwa, ya ce a nan kaɗai yaro zai yi wanka, kuma da rana tsaka kada ya wuce inda ruwa ya kai masa ƙirji. Ya juya ya nuna wani lungu ta gabas inda ruwan yake kwance lumui, ya ce can ba a shiga. Bai faɗi dalili ba, kakanka kuma bai tambaya ba.

Washegari bayan Azahar, manya suna ciniki a wurin banda, ni da wani yaro sa'ana muka zame muka nufi lungun nan. Na iya iyo tun ina ƙarami a gulbin garinmu, kuma ina jin kaina. Can tsakiya akwai wani busasshen reshe da ya leƙo sama, balbela tana zaune a kai, sai muka yi gasar wanda zai riga taɓa shi. Na kusa isa ke nan na ji wani abu ya riƙe mini ƙafar hagu. Na fizga, ya ƙara ɗaurewa. Na nutsa in duba, sai na ga rassa baƙaƙe sun bazu ta kowane gefe a ƙarƙashina, da yagaggen taru a nannaɗe jikinsu, zarensa ya zagaye mini idon sawu. Ruwan yana kai mini daidai haɓa, in na miƙe wuya in sami iska, in igiyar ruwa ta zo ta rufe ni. Sanyi ya fara kashe mini cinyoyi. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, abin da na riƙe shi ne ihun abokina da ƙarar filafili a jikin jirgi. Wani Basarke ne ya faɗo ruwan da wuƙa a bakinsa, ya nutsa sau biyu kafin ya yanke zaren, ya jefa ni cikin kwale-kwale ina aman ruwa. Tabon yana nan a ƙafata, ka sha ganinsa in ina alwala.

Kakanka bai doke ni ba. Ya bari na ji ɗumi a gefen wutar banda, sannan ya kama hannuna ya mayar da ni gaban dattijon. Dattijon ya duba yankan, ya sa aka wanke shi, ya ce mini reshen da na nufa kan tsamiyar ƙofar gidansu ne, a gindinta aka raɗa masa suna, kuma daga nan har inda balbelu suke sauka kasuwarsu ce ta da. Ya ce ruwa ya rufe garin, amma shi yana ganinsa lungu-lungu kamar jiya. A daren nan na farka na ji gurnani da takun abu mai nauyi, da gari ya waye muka ga sawun dorina a filin da na so in shimfiɗa tabarma. Hanyarta ce, ta nan take fitowa kiwo da dare, ta nan take komawa, kuma wanda ya kwanta tsakaninta da ruwa, musamman in tana da ɗa, ba ya ba da labari.

A hanyarmu ta komawa kakanka ya ce mini baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma da ɗan gari akan ci gari. Kakarka kuwa, da ta ji, cewa ta yi gwanin iyo shi ruwa yake ci, domin wanda bai iya ba daga gaɓa yake tsayawa. Ko a Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, dubban masu homa da gora suna tsayawa a bakin kogin Matan Fada ba mai tsoma ƙafa sai an ba da izini, ga Sarkin Ruwa da mutanensa a kan ruwan suna lura. Waɗannan fa mutane ne da suka girma a cikin ruwa.

Abin da yake damuna da ku shi ne kun saba wayarku ta nuna muku hanya, sai kuka daina tsayawa ku gaida mutane. Taswirar waya za ta nuna maka shuɗin ruwa, ba za ta nuna maka kututture ba, ba ta san inda kada yake shan hantsi ba, ba ta san lungun da katantanwa masu ɗauke da tsargiya suka yi yawa ba. Mu da muna yara, in yaro ya ga jini a fitsarinsa cewa ake yi ya girma, alhali cuta ce da ake ɗauka a ruwa mai kwanciya da ciyawa, kuma akwai maganinta a asibiti. Na yi nadamar yawan abokaina da suka daɗe da ita ba a kula ba. Ka kuma tuna jirgin da ya kife a kusa da Wara a watan Mayu na 2021, mutane masu yawa suka rasu. Kada ku hau jirgin da aka cika, kada ku hau da dare ko cikin iska, kuma kowannenku ya sa rigar da ke hana nutsewa.

Maganar tafiya a daji kuwa, zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Dajin da muka ratsa muna tsinkar kanya da ɗinya, ba abin tsoro sai kububuwa da kasa, yanzu akwai masu bindiga a wasu sassansa, kuma ba ka manta da ɗaliban da aka kwashe a Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ba. Mutanen gari ne kaɗai suka san inda ake iya zuwa a makon nan da inda aka daina zuwa, kuma ba za su faɗa wa wanda ya wuce su ba sallama ba.

Ko akwai wani abu a cikin al'adar da ya shafi iskokin ruwa, wanda malamai suke hanawa? A da akwai masu yin yanka a bakin ruwa, wannan kuwa kakanka bai taɓa yi ba, ni ma ban yi ba, kuma in kana son hukuncinsa ka tambayi limamin unguwarku. Ni abin da na gani da idona goro ne aka miƙa, aka zauna, aka saurara. Kafin ku tsayar da rana ka biyo ta gida mu zauna, ka zo da abokan naka in gan su, akwai wani jikan masuntan nan a Yelwa da nake son in haɗa ku da shi. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata na ji saƙonta.

Naka, Kawunka.