Ɗan'uwanmu na Goma: fasfo tukuna, sauran su biyo baya

Wani ɗan Kano mai tuƙi a wata ƙungiyar agaji a Goma, gabashin Kwango, ya rubuto cewa saura wata biyar fasfonsa ya ƙare, kuɗin da yake aika wa Hajiyarsa na maƙalewa, ita kuma kullum cewa take ya tattaro ya dawo.

Ɗan'uwa, fara da fasfon. Ofishin jakadancin Najeriya yana Kinshasa, amma tun da 'yan tawayen M23 suka kama Goma a ƙarshen Janairun 2025 aka rufe filin jirgin sama, kuma babu hanyar mota ta kirki zuwa can. Kigali, babban birnin Rwanda, ta fi maka kusa: ka tsallaka garin Gisenyi ta mashigar iyaka ta Grande Barrière, sa'o'i uku zuwa huɗu a mota ka isa. Tuntuɓi ofishin Najeriya na can tun yanzu, ka ji ko za su sabunta maka. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai wata shida ba, ka ga ai ka riga ka makara.

Abin da ya fi damuna shi ne hatimi. Masu iko da Goma daban, gwamnatin Kinshasa daban, kuma takardar da ɗaya ya buga ɗayan na iya ƙin ta. Kada ka yarda ɗan kamasho ya karɓi fasfonka wai zai gyara maka biza. Ƙungiyar da ta ɗauke ka ce ya kamata ta bi wannan, ka kuma nemi ta rubuta maka abin da za ta yi in aka ce a kwashe ma'aikata. Direba ne ake mantawa da shi a irin wannan rana. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya zauna cikin fasfon, hotunansu kuma a wayarka da ta wani a gida.

Bankuna a rufe suke, shi ya sa kowa ya koma tura kuɗi ta waya, wato M-Pesa da Airtel Money, masu cire kuɗi kuma suna yanka son ransu. Roƙi a riƙa zuba rabin albashinka kai tsaye a asusunka na Najeriya. Dalar da ke hannunka kuwa ka lallaɓa ta: ɗan yagewa kaɗan a gefe, mai shago a unguwar Birere zai miƙo maka abarka.

Hajiya kuma ba kuɗi ne kukanta ba, rediyo take ji. Ka sa mata rana da lokacin kira, kada ka saɓa. Ka ba ta labarin chukudu, keken katakon nan da samari ke tura buhunan gawayi a kan baƙin dutsen da Nyiragongo, tsaunin nan mai aman wuta, ya amayar, da 'yan kifin sambaza na tafkin Kivu. Amma in harbi ya tashi kada ka ce mata lafiya lau. Ka sanar da yayanka inda kake kwana, ka ba shi lambar mai gidanka a wurin aiki.