Ina gudun bashi da kuɗin ruwa: dole ne in cike wa 'yata FAFSA?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗan Maraɗi ne, shekarata 19 a Bronx ina tuƙin tasi. 'Yata ta fari a nan aka haife ta, yanzu tana aji 12. Makaranta ta aiko cewa mu cike wani fom wai shi FAFSA, ta kuma dame ni in ba ta takardun harajina. Wani abokina a masallaci ya ce bashin gwamnati ne mai kuɗin ruwa, kada in sa hannu. Mu shida ne a gida, ni da uwargida da yara huɗu, abin da nake samu a shekara bayan cire kuɗin mota bai wuce dala 48,000 ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa yarinya albarka. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya ne, kuma rabin da ya bari shi ne mai kuɗin. FAFSA ba bashi ba ne. Takardar bayani ce da iyali ke cike wa Ma'aikatar Ilimi ta Amurka a shafin studentaid.gov, don a san ƙarfin aljihun gida. Kyauta ake cike ta, duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin fom ka tashi ka ba shi wuri. Bayan an cike, jami'o'i ne za su aiko da tayi, a cikinsa akwai kyauta, akwai aiki, akwai bashi. Kana da ikon karɓar kyautar ka ce ba ka son bashin. Ba wanda zai ɗora wa 'yarka rance sai ta sa hannu a wata takardar alkawari ta daban.

Ga abin da za ku yi asara idan kuka ƙi. Babbar kyautar gwamnatin tarayya ita ce Pell, wadda ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, kuma ba a mayar da ita. Ƙa'idar ita ce, idan uba da uwa suna tare kuma kuɗin shigarsu bai wuce kashi 175 cikin 100 na ma'aunin talauci ba, ɗalibi kan sami cikakkiyar kyautar. Ma'aunin talauci na gida mai mutum shida a 2024 dala 41,960 ne, wato iyakar ta ɗan haura dala 73,000. Kai kana ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kuɗin karatun shekara a manyan kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, irin su Lehman da ke nan Bronx ko City College da ke Harlem, dala 6,930 ne ga mazaunin jihar, ban da ƙananan kuɗaɗen rajista. Ka ga Pell kaɗai ta kusa rufe komai. Ga kuma kyautar TAP ta jihar New York, wadda mafi yawanta dala 5,665 ne, tana raguwa gwargwadon samun gida. Ita fom ɗinta daban ne, ana shiga ta wata mahaɗa da ke fitowa a shafin ƙarshe bayan an tura FAFSA. Yara da yawa suna ganin an ce an gama sai su rufe kwamfuta, su bar TAP a baya. Idan kyautar ta fi kuɗin makaranta, ragowar ana ba ɗalibi don littattafai da kuɗin jirgin ƙasa.

Yadda ake cikewa ba wuya. Ita ta buɗe asusunta, kai ma ka buɗe naka, kowa da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a katin Social Security. Wannan yana ba mutanenmu wahala: Mahamadou a kati, Muhammad a lasisi, Mamman a bakin jama'a. Harafi ɗaya ya bambanta, na'ura ta ƙi gane ka. Daga nan za a nemi izininka a ɗauko bayanan haraji kai tsaye daga hukumar haraji ta IRS. Wannan izinin wajibi ne tun daga sabon tsarin 2024, idan ka ƙi bayarwa ba za ta sami ko sisi daga gwamnatin tarayya ba. Harajin shekara biyu baya ake dubawa, mai shiga jami'a a kakar 2026 harajin 2024 ne nasa. Za ta iya sa makarantu har 20 a fom ɗaya. Ana buɗe shafin ne a farkon Oktoba. Wa'adin gwamnatin tarayya yana da nisa, amma kada ya ruɗe ku, kowace jami'a tana da nata wa'adin, wasu kuɗaɗen kuma na wanda ya riga zuwa ne.

Kafin ku zauna, ɗauko takardar harajin ka duba wurin matsayin aure a shafin farko. Idan kun cike tare da uwargida a matsayin ma'aurata, kai kaɗai ka isa. Amma na sha ganin gidajen da wani mai cike haraji a unguwa ya raba miji da mata a takarda, kowa ya zama shugaban gida, don kuɗin da za a dawo musu ya ƙaru. Ranar da jami'a ta zaɓi fom ɗin yaro don tantancewa, abin ke fitowa fili, a riƙe kuɗin har sai an gyara harajin. Na taɓa zama da wata uwa a watan Agusta, saura mako biyu a fara karatu, tana riƙe da takardu cike da leda tana kuka, ɗanta kuwa ya sunkuyar da kai ya rasa ta cewa. Gyaran ya ci musu zango guda.

Sai maganar dukiya. Ba a lissafa gidan da kuke ciki ko kuɗin ajiyar ritaya. Ana lissafa abin da ke banki a ranar da aka cike fom, da fili ko gidan haya, ko da a Maraɗi yake. Masu samu irin naka galibi ba a sa musu dukiya a lissafi, amma idan an tambaya a faɗi gaskiya. In kai ne mai riƙe adashin direbobi, kada ka cike fom a ranar da kuɗin mutane ke kwance a asusunka, domin takarda ba ta san amana ba.

Yanzu mu koma kan kuɗin ruwa, tunda shi ne ya hana ka barci. Wajen watan Maris ko Afrilu tayin jami'o'i zai fara zuwa, kuma a nan ne ake yaudarar ido. Za ka ga an jera lambobi an tara, a ƙasa an rubuta saura sifili. Ka ɗauki biro. Duk layin da ka ga kalmar grant ko scholarship, kyauta ce. Work-study aiki ne a cikin makaranta, sai ta yi za a biya ta. Duk inda ka ga loan, bashi ne, ka soke shi ka sake lissafi, abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin makarantar. Ɗalibin shekarar farko ana iya ba shi rancen dala 5,500, a ciki har 3,500 gwamnati ke ɗaukar ruwansa muddin yana karatu da wata shida bayan ya gama. Sauran kuwa ruwa na hawa tun daga ranar da aka bayar, kashi 6.39 cikin 100 a 2025. Wanda na fi jan kunnen iyaye a kai shi ne rancen iyaye mai suna Parent PLUS, don a wuyanka yake ba a wuyan yarinya ba, ruwansa ya kai kashi 8.94 a 2025. Hukuncin rancen da gwamnati ke biya wa ruwa, wannan na malamai ne, ka tambayi limaminku. Ni abin da zan ce, a lissafin gidanka ba lallai ku kai ga wannan tambayar ba.

Kada kuma tsadar jami'o'i masu zaman kansu ta sa ka hana ta nema. Irin su Columbia suna cike duk giɓin da suka gano a aljihun iyali, ga mai ƙaramin ƙarfi wani lokacin sun fi na gwamnati sauƙi. Su suna neman ƙarin fom mai suna CSS Profile, wanda ke tono fiye da FAFSA, kuma kyauta ne ga iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 ba. Ta kuma tambayi mai ba da shawara a makarantarsu game da shirye-shiryen tallafa wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi: SEEK na CUNY, EOP na SUNY, wato jami'ar jihar New York, da HEOP na masu zaman kansu.

Idan samunka ya ragu tun bayan 2024, ko mota ta kwanta ko rashin lafiya ta zaunar da kai, ka cike fom da lambobin 2024 yadda suke, sannan ka rubuta wa ofishin tallafin kowace jami'a da shaidar abin da ya faru. Doka ta ba su ikon sake lissafi. Yawancin jami'o'i suna jiran amsa zuwa 1 ga Mayu, don haka ku tura wasiƙar da zarar tayi ya iso. Ka adana kalmar sirrin asusunka a wuri mai kyau, kowace shekara sai an sabunta fom ɗin, ga ƙannenta uku kuma suna tafe.