Kibod mai sifirin zai ƙara mini sauri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura. Idan lokacin miƙa kundin kammala karatu ya zo wa ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wuni nake a gaban kwamfuta har wuyan hannuna ya yi tsami. An ce in sayi kibod na makanikal, wai zai ƙara mini sauri. Haka ne?
Mai shago, Katsina

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sauri kam kada ka sa rai da yawa. Wanda ke lalubar haruffa da yatsu biyu, ko wane kibod ya saya haka zai ci gaba. Saurin yana wajen ajiye manunan yatsunka kan F da J, masu ɗan tudun nan, ka saba bugawa da yatsu goma ba ka kallon hannu.

Amfaninsa na gaskiya a kan gajiya ne. Kibod na yau da kullum roba ce shimfiɗe a ƙasan madannai, sai ka danne har ƙasa harafin yake fita. Na makanikal kuwa kowane madanni da siwic ɗinsa mai sifirin. Ɗauki Cherry MX, wani sanannen nau'in siwic: zurfin dannawa milimita 4 ne, amma harafi na fita tun a wajen milimita 2. Ka ga ba sai ka daki ƙasa ba. Sai dai in ka ci gaba da dukansa irin na da, kuɗinka kawai ka kashe.

Launin siwic yana da ma'ana. Ja santsi ne, nauyin kusan giram 45 ya ishe shi, don haka da farko za ka yi ta kuskure saboda laushinsa. Shuɗi na ƙas-ƙas ne, zai dami masu jira a shago. Ruwan ƙasa muke ba ka shawara, domin yana da ɗan tokari da ke gaya wa yatsa harafi ya shiga, ba ƙara sosai.

Tsamin hannun nan kuwa, a duba zama. Irin wannan kibod ya fi tsayi, kuma hakan na iya ƙara ciwon. Kada ka miƙe ƙafafunsa na baya. Gyara kujera har gwiwar hannunka ta yi daidai da tebur, wuyan hannu a miƙe. In akwai sanyin yatsu ko suna mutuwa, je asibiti.

Sai ƙurar hunturu. In ta shiga siwic, ka danna sau ɗaya harafi ya fito biyu. Zare waya, cire murfin madannin, hura da abin hura iska, ɗiga sifirit na goge na'ura kaɗan, danna sau da yawa, bari ya bushe. In za ka saya, nemi kibod ɗin da ake zare siwic ɗinsa ba sai da dalma ba, kuma ka rufe shi da ƙyalle in ka tashi.

Haruffan ƙ, ɗ da ɓ ba ruwan kibod da su, manhaja irin Keyman ce ke samar da su.