Mahaifinmu yana gane magana amma ya kasa mayarwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye

Allah ya ba Baba lafiya 'yar uwa. Kin ce ɓarin damansa ya shanye, yana gane abin da ake faɗa amma in zai ce ruwa sai bakin ya tsaya ko wata kalma daban ta fito, wannan likitoci suna ce masa afeziya.

Ba harshen ne ya lalace ba, a ƙwaƙwalwa matsalar take. A yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da magana kuma shi ke juya ɓarin dama na jiki, to in jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a wajen sai abu biyun su zo tare. Wani likitan Faransa Paul Broca ya bayyana irin wannan matsalar tun 1861, mara lafiyarsa "tan" kawai yake iya cewa. In gaba-gaban ƙwaƙwalwa abin ya taɓa, irin na Baba kenan, ya san me yake son faɗa kalmar ce ta ƙi fita. In ta baya ne kusa da kunne mutum zai yi ta zuba magana amma ba ma'ana, shi ne wasu ke cewa jifa ne ko taɓin hankali.

Don Allah kar a riƙa ɗaga masa murya, ba kurma ba ne, kuma kar a maida shi yaro ko a riƙa ƙarasa masa zance. Gajerun tambayoyi na eh ko a'a, a kashe rediyo, a jira shi.

Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa ya haɗa ku da mai gyaran magana, watannin farko aka fi samun sauƙi. Maganin hawan jini kar a daina ba shi, in yana ƙwarewa wajen shan ruwa ku gaya wa likita da wuri.